Shin Koba ba shi da gaskiya ne? Tambaya kan fim ɗin birai na 2014

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Tambayata a kan Dawn of the Planet of the Apes take, fim ɗin da Matt Reeves ya ba da umarni a 2014, na biran nan da suka samu kaifin basira da kuma ragowar mutanen da annoba ta bari a birnin San Faransisko. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, dole in faɗi yadda ya ƙare, don tambayar ba ta fitowa sai an taɓo ƙarshen.

Duk wanda na ji yana hirar fim ɗin, Siza, shugaban biran, yake kira jarumi, Koba kuma, birin da ke na hannun damansa, bos. Ni kuwa har aka tashi zuciyata ta ƙi tsanar Koba, kuma ga dalilina.

Me Koba ya ce tun farko? Ya ce in aka bar mutane suka gyara madatsar ruwan nan suka samu wutar lantarki, ƙarfinsu zai dawo, in ya dawo kuma birai za su fara ji a jikinsu. To a duba a gani ko ƙarya ya yi. Haɗuwar farko da aka nuna mana a daji, mutum ne ya harbi ɗan biri, wato Ash ɗan Rocket, ba tare da yaron ya taɓa shi ba. Dreyfus, shugaban mutanen, kwana uku ya ba Malcolm, jagoran masu zuwa gyaran madatsar, ya ce in bai dawo ba za su hau dutsen su gama da biran gaba ɗaya. A daidai lokacin da Malcolm ke can yana roƙon Siza da lalama, su kuma suna can rumbun makamai suna gwada bindigogi, kuma Koba ya gani da idonsa. Siza ya gindaya sharaɗi ɗaya tak, cewa kowa ya miƙa bindigarsa, amma Carver, wanda ya harbi Ash ɗin, ya ɓoye tasa a akwatin kayan aiki, har jaririn Siza ne ya bankaɗo ta. Sannan a ƙarshe, sojojin da ke tahowa daga arewa, da me aka same su? Da rediyon da ta tashi saboda wutar da Siza ya yarda aka gyara. Ku nuna min wuri ɗaya da hasashen Koba ya kuskure.

Abu na biyu shi ya fi damuna. Dokar biran a rubuce take a jikin dutse inda Maurice, birin da ke malaminsu, ke koyar da yara: biri ba ya kashe biri. Da Koba ya rataye a saman dogon benen nan, ya tuna wa Siza dokar. Siza ya kama hannunsa kamar zai ceto shi, ya dube shi, ya ce masa shi ba biri ba ne, ya sake shi. Jikina ya yi sanyi a wurin. Ai haka duk mai son kashe ɗan uwansa yake yi, sai ya fara cire shi daga dangi da baki tukuna. Idan shugaba ne ke yanke wanda ya cancanci a kira biri, to dokar me ta tsare?

Don haka nake tambaya: fim ɗin so yake mu tafa wa Siza a wurin nan? Kuma tsakani da Allah, wa ya fi hangen nesa a cikinsu?

Dattijon Majigi ya amsa:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ka yi tambaya mai kyau, kuma ba zan yi maka musu a kan abin da ka lissafa ba. Abin da Koba ya faɗa game da mutane gaskiya ne, kuma masu fim ɗin da gangan suka ba shi wannan gaskiyar. Da sun so a samu bos na banza da ba su tsaya nuna mana tabon jikinsa ba. Ka tuna inda Siza ya ce a bar mutanen su yi aikinsu su tafi, sai Koba ya fara nuna tabo ɗaya bayan ɗaya, a hannu, a wuya, a fuska, kowanne yana cewa wannan ne aikin mutum, muryarsa tana ƙara tashi. Babu wanda zai kalli wurin nan ya ce birin nan ba shi da hujja. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi, balle shi da ya ga macijin da kansa yana wasa haƙori.

Amma ka bar abin da ya faɗa, ka dubi inda ya saita bindigar. Ya samu makami a hannu, ga mutane can. Cikin danginsa wa ya fara harbi? Siza. Gidan wa ya cinna wa wuta? Gidan birai, inda mata da jarirai suke kwance. Sannan ya ajiye hular Carver don a ce mutane ne. Wanda tsoron mutane kaɗai ke damunsa ba ya ƙone gidansu da hannunsa.

Wurin da ya raba min gardama shi ne Ash. Kai da kanka ka kawo shi a matsayin hujjar farko, kuma haka Koba ya yi amfani da shi a taron biran: mutane sun harbi ɗan Rocket, dole a rama. To bayan an ci birnin, Koba ya miƙa wa yaron nan makami ya ce ya kashe wani mutum da ya riga ya faɗi ƙasa ba shi da abin kare kai. Ash ya ƙi, ya ce Siza ba zai so haka ba. Koba ya ja shi ya hau da shi sama, ya wurgo shi ƙasa a gaban kowa. Yaron da aka ce saboda jininsa ake yaƙin, mutum ya ji masa rauni a kafaɗa ya warke, mai kukan kare shi ne ya kashe shi. Daga nan kuma Maurice da Rocket da duk mai biyayya ga Siza aka kulle su a motar bas. Wannan mulki ne yake nema, tsoron mutane ya zama masa tsani.

Akwai fitowa ɗaya da nake ganin ita ce ta fi kowacce a fim ɗin, ta rumbun makamai. Masu gadi biyu suna zaune suna shan giya, Koba ya shigo yana tangaɗi, yana washe baki, yana birgima, yana duk wasan da mutane ke son su ga biri yana yi. Ya karɓi kwalba ya kurɓa ya feso, suna ta dariya. Ya ɗauki bindiga kamar bai san mene ne ba, yana juya ta kamar abin wasa, su kuma suna lallaɓa shi ya ajiye. Sai kawai fuskar ta canza, dariyar ta ɗauke, ya harbe na farko. Ya tsaya ya dubi na biyu na ɗan lokaci, don ya tabbatar mutumin ya gane cewa tun ɗazu shi ake yi wa wasa. Abin da ya sa wurin ke tayar da tsigar jiki shi ne a keji ya koyi wannan. Shekarun da ya yi a ɗakunan gwaje-gwaje sun koya masa yadda mutane ke raina biri, kuma da rainin nasu ya kashe su.

In kana so ka fahimci su biyun sai ka koma fim na farko, Rise of the Planet of the Apes na 2011, wanda Rupert Wyatt ya yi. Siza a gida ya tashi, a hannun wani mai bincike da ke neman maganin ciwon mantuwa saboda mahaifinsa. Yana da ɗaki a saman gida, yana cin abinci a tebur, an koya masa maganar hannu da ƙauna. Koba kuwa bai taɓa sanin hannun mutum ba sai da allura ko wuƙar tiyata, ido ɗaya ma ya mutu. Kowannensu abin da ya gani yake faɗa. Kuma ga wani abu da zai ƙarfafa maka gwiwa: a ƙarshen wancan fim ɗin, a kan gadar Golden Gate, shugaban kamfanin maganin yana maƙale a jirgi mai saukar ungulu yana roƙon a cece shi, Siza ya juya masa baya ya bar wa Koba shi, Koba ya tura jirgin cikin ruwa. Kisan farko da muka ga Koba ya yi, da amincewar Siza ya yi shi. Saboda haka hannun Siza ba a wanke yake ba tun can.

Inda nake ganin babban laifin Siza shi ne a madatsar ruwa. Koba ya ce masa ya fi son mutane a kan birai, ya fi son su a kan 'ya'yansa. Siza ya hau shi da duka a gaban birai da mutane, har ya kusa shaƙe shi. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne mutane na tsaye suna kallo, su da ya tsana fiye da komai. Koba ya miƙa tafin hannu yana neman gafara, Siza ya shafa, ya ɗauka magana ta wuce. Daga ranar Koba ya rufe bakinsa game da makaman da ya gani. Shugaban da ya kunyata na hannun damansa a bainar jama'a sannan ya kwanta barci da ido biyu a rufe, ya yi sakaci babba.

Batun ƙarshen kuma, a'a, ban ga alamar ana so a tafa ba. Babu kiɗan nasara a wurin, kuma fuskar Siza ba ta mai murna ba ce. Ya riga ya gaya wa ɗansa, lokacin da yake jinya a tsohon gidan da ya tashi, cewa laifinsa ne da ya amince da Koba don kawai biri ne, kuma ya daɗe yana ɗaukan birai sun fi mutane, yanzu ya ga kamar da ke tsakani. Wanda ya faɗi haka ya san sarai cewa Koba biri ne. Maganar da ya yi a saman benen hanya ce ta tsallake dokar da shi ya kafa, kuma fim na uku na 2017 ya biyo shi da bashin: Koba yana zuwar masa a mafarki da jini a fuska.

Kafin in rufe, a yaba wa waɗanda suka yi aikin. Andy Serkis ne Siza, Toby Kebbell ne Koba, Karin Konoval kuma, mace, ita ce Maurice. Sun saka kaya masu ɗigo-ɗigo da ƙaramar kyamara a gaban fuska, aka kwafi motsinsu, kamfanin Weta na ƙasar Niyu Zilan ya ɗora musu jikin birai da kwamfuta. Kuma a waje aka ɗauki yawancinsa, a dazukan yammacin Kanada cikin ruwa da laka da kuma birnin New Orleans, shi ya sa gashin biran ke jiƙewa yana manne musu a jiki. An saka fim ɗin a takarar Oscar ta ɓangaren wannan fasahar, bai ci ba. Serkis kuwa ko sunansa ba a saka a jerin jarumai ba, abin da har yau nake ganin rashin adalci ne.

Maman Sadiq ta amsa:

Baban Ummi, akwai wurin da lissafinka ya tsallake. Daren da wuta ta kawo. Fitilun wani tsohon gidan mai suka kama a tsakiyar daji, waƙa ta tashi, mutanen da suka yi shekaru ba su ji kiɗa daga na'ura ba suka tsaya kamar an dasa su. Siza ya hau da Malcolm da iyalinsa can sama ya nuna musu birnin yana haske daga nesa. Matarsa da ta kusa mutuwa bayan haihuwa ta miƙe, saboda maganin da Ellie, abokiyar zaman Malcolm, ta ba ta. A can birni jama'a na rawa a titi. A wannan daren babu mai shirin hawa dutse ya kashe kowa, kowa ya samu abin da yake so. Sulhun ya yi aiki. Kuma a daidai wannan lokacin Koba ya harba. Ni a ganina abin da ya firgita shi ke nan, ya ga zaman lafiyar na neman tabbata, in kuwa ta tabbata babu sauran mai sauraronsa. Sojojin da kake magana, da aka same su a rediyo labarin me aka ba su? Labarin birai sun afka wa birni. Da labarin da suka ji shi ne an samu wuta kuma an rabu lafiya da maƙwabta, da wata tafiyar ce daban.

Ni ƙorafina a kan fim ɗin wani ne. An ɓata lokaci an gina biran, an bar mutanen fanko. Carver dai an kawo shi ne kawai don ya riƙa yin wauta duk lokacin da labari ke bukatar rikici. An ce ya yi aiki a hukumar ruwa shi ya sa dole a tafi da shi, to amma mutumin da ya harbi ɗan biri jiya, a ce ba wanda ya binciki akwatinsa? Malcolm mutumin kirki ne, shi ke nan, ba ni da abin da zan ƙara a kansa bayan awa biyu. Matan kuwa abin ya ba ni haushi. Matar Siza tana kwance daga farko har kusan ƙarshe. Ellie ta yi aiki a hukumar yaƙi da cututtuka, ta rasa 'yarta a annobar, ita ce ma ta gaya wa Carver cewa a ɗakin gwaji mutane suka ƙirƙiri cutar, biran da aka gwada a kansu ba su da zaɓi. Mace mai irin wannan tarihin, aikinta a fim bai wuce ba da magani da ɗinke rauni ba. Babu mace ko ɗaya, biri ko mutum, a wurin da ake yanke shawarar yaƙi.

Mutum ɗaya da ya taɓa min zuciya shi ne Dreyfus, kuma a fitowa ɗaya ce da babu magana a cikinta. Wuta ta dawo, allon kwamfutarsa ta hannu ya kama, hotunan iyalinsa da suka mutu suka fito. Yana shafa allon da yatsa yana wucewa daga hoto zuwa hoto, har ya kai kan 'ya'yansa maza, sai ya fashe da kuka shi kaɗai a ɗaki. Gary Oldman, wanda ya fito a Dreyfus, bai yi minti biyu ba a wurin amma na gane dalilin da zai sa mutumin nan ya tayar da bam da kansa a ciki. Da an ba sauran mutanen irin wannan, da fim ɗin ya tsaya da ƙafa biyu.

Ɗalibar Kimiyya ta amsa:

Sannunku Baba Dattijo, Anti Maman Sadiq. Ni ƙaramarku ce a nan, amma halayyar dabbobi nake karanta, kuma akwai abin da zai taimaka wa tambayar Baban Ummi.

Dokar nan ta biri ba ya kashe biri ba halittar birai ba ce, buri ne Siza ya ɗora musu. A daji cimfanzi na kashe cimfanzi. Jane Goodall ta fara nazarinsu a Gombe da ke Tanzaniya a 1960, kuma shekaru da dama tana ganin sun fi mutane taushin hali. Sai garken da take bi ya rabe biyu, na Kasakela a arewa da na Kahama a kudu. Daga 1974 zuwa 1978 mazan arewa suka riƙa fita sintiri a jere ba hayaniya, in suka samu na kudu shi kaɗai sai su taru su yi masa dukan mutuwa, har mazan Kahama suka ƙare. Waɗannan fa tare suka tashi, sun yi wa juna tsifar gashi, sun ci abinci wuri ɗaya. Goodall ta rubuta cewa abin ya daɗe yana hana ta barci. A 2014, shekarar da fim ɗin ya fito, mujallar Nature ta buga wani nazari da ya tattara bayanan garke 18 na cimfanzi, aka lissafa kisa 152, wasu an gani da ido, wasu an gano daga alamu, wasu zato ne. Ko juyin mulkin ma akwai shi: Frans de Waal ya bi siyasar cimfanzi a gidan namun daji na Arnhem a Holan, inda a 1980 maza biyu suka haɗa kai cikin dare suka yi wa shugaban garken raunin da ya kashe shi. Don haka abin da Koba ya yi ba sai ya koya daga mutane ba. Bindiga da ƙarya da hular da ya ajiye, waɗannan ne na mutane.

Inda fim ɗin ya saɓa wa abin da aka sani shi ne jinsin Koba. Bonobo ne, ba cimfanzi ba. Bonobo a kudancin kogin Kwango kaɗai ake samunsu, mata ne ke da rinjaye a garkensu, kuma a wancan nazarin na 2014 kisa ɗaya tak aka yi zato a garke 4 nasu. Wato an ɗauko jinsin da ya fi kowanne zaman lafiya an mai da shi mafi zafin zuciya. Ni wannan yana sa in ƙara jin tausayinsa, don yana nuna girman abin da aka yi masa a keji. Kuma ba tatsuniya ba ce, an daɗe ana gwajin magunguna a kan cimfanzi a Amurka, sai a 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta sanar da daina tallafa wa irin wannan gwajin.

Maganar hannun da suke yi ita ma tana da asali. An fara koya wa wata cimfanzi mai suna Washoe maganar kurame a 1966, daga baya aka yi wa gorilar nan Koko. Sai dai Herbert Terrace, wanda ya yi nasa gwajin da wani cimfanzi mai suna Nim, ya fito a 1979 ya ce biran na kwaikwayon masu koya musu ne don su samu lada, ba sa ƙulla jimla. Har yanzu ana jayayya a kai. Abin da ya burge ni a fim ɗin shi ne ba su sa biran suna zuba kamar mutane ba. Farkonsa dogon lokaci babu maganar baki sam, farauta ce da alamun hannu da gurnani. In Siza zai furta kalma sai ka ga kamar daga ƙirji yake fizgo ta da ƙyar, shi ya sa tsawar da ya daka wa mutanen a daji ta girgiza su haka.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Baba Dattijo, maganar Ash ta yi nauyi, ba ni da abin da zan kare Koba da shi a nan. Ƙanwata, labarin Gombe ya ƙara min tsoron abin, Allah ya ƙara basira.

Amma Maman Sadiq, ban gamsu da cewa sulhun ya tabbata ba. Dare ɗaya ne. Mutanen da ke rawa a titi ba su san Siza ba, ba su ga an ba matarsa magani ba, abin da suka sani shi ne birai a kan dawakai riƙe da mashi sun tsaya a ƙofarsu, kuma da sunan birai ake kiran cutar da ta cinye 'ya'yansu. Madatsar kuma a ƙasar birai take. Yau an gyara, gobe ta lalace, dole a dawo, jibi a ce sai an ajiye masu gadi. Malcolm mutum ɗaya ne, kuma ba shi ke riƙe da makullin rumbun makamai ba. Siza ya gina amanarsa a kan mutum ɗaya saboda ya tuna masa da wanda ya raine shi, fim ɗin ma ya nuna haka da ya zauna yana kallon tsohon bidiyo a gidan. Wannan soyayya ce, kuma tana da kyau, amma rayukan ɗaruruwan birai ya ɗora a kanta.

Kuma har yanzu ina nan a kan bakata game da benen. Koba ya riga ya faɗi, ba makami a hannunsa, yana rataye. Siza na iya jawo shi ya ɗaure, ko ya kore shi daga garken, ko ya tara birai su yanke hukunci tare. Rocket na nan, shi aka kashe wa ɗa, ko shi ba a tambaya ba.

Dattijon Majigi ya amsa:

Batun madatsa ka faɗi gaskiya, rikici zai zo ko ba jima ko ba daɗe. Sai dai rikicin da zai zo bayan shekara biyar na hulɗa daban yake da wanda aka fara da ƙone gida da ƙarya, don a na farkon akwai waɗanda suka san juna a kowane ɓangare da za su iya shiga tsakani.

Game da ɗaurewa, ka sake kallon 'yan mintunan da suka gabaci faɗuwar. Bam ɗin Dreyfus ya tashi, ƙarafa suka danne birai. Siza ya bar faɗan ya koma jawo waɗanda suka ji rauni. Koba ya ɗaga ƙarfen da ya danne wani biri, ka ɗauka ceto zai yi, ashe bindigar da ke ƙasa yake so, ya zare ta ya sake masa ƙarfen, ya buɗe wuta a kan 'yan uwansa. Wannan Siza ya gani kafin ya kama hannun. Ya kuma taɓa yafe masa sau ɗaya, sakamakon ya zama harsashi a ƙirji. Ga sojoji a hanya, ga garke da ke bin duk wanda ya fi ƙarfi. Na fahimci dalilin da ya sa ya sake shi. Abin da ban yafe masa ba shi ne kalmar da ya fake da ita, da ya ce na karya doka kuma zan ɗauki nauyinta da ya fi masa daraja. Kuma ka yi daidai a kan Rocket, haƙƙinsa ne a ji ta bakinsa.

Ka nemi na 2017, War for the Planet of the Apes. Ka lura da wurin da Siza ya riski farin gorilan nan da ya ci amanarsu, da abin da ya faru a hannunsa, da kuma inda Maurice ya gaya masa cewa ya fara magana irin ta Koba. In ka gama ka dawo mu ɗora daga nan, don ina so in ji ko za ka yi wa Siza uzurin da ka yi wa Koba bayan an kashe masa mata da ɗa.